Katunan Gwamnati a Ɗakin Kakata

Mu huɗu ne cikin wannan al'amari: ni, da kakata, da ƙanwata mai ɗinkin hula, da wani manjon soja da aka ɗora bisa ofishinmu.

Shekarar da na dawo daga jami'a, arzikin man fetur na tashe, gwamnati ta ɗauko kamfanin Turawa ya kawo kwamfuta. Aikina huda katunan da kwamfutar ke karantawa. Kowane kati na ɗauke da bayanin wata rijiya, ko gada, ko rumbun hatsi. Da Turawan suka nemi tafiya da katunan zuwa ƙasarsu domin babbar na'urarsu ta tace su, Manjo ya ƙi. Ya ce bai yarda baƙo ya san inda ruwanmu da hatsinmu suke ba. Ya umarce ni in kai akwatunan katunan zuwa gidanmu a Ƙofar Atiku, in ajiye su ɗakin kakata, inda Bature ba ya shiga. Ya ƙara da cewa in kati ɗaya ya ɓace, bariki zan kwana.

Wata Juma'a a masallaci, na ga hular mutumin da ke gabana da zanen ɗige-ɗige a jere, irin wanda hannuna ya sani. Ashe ƙanwata ke ɗora kati bisa ƙyalle, ta shafa shuni ta ramukan, ta bi da zare. Kakata ce ke miƙa mata, waɗanda suka jiƙe kuma a jefa murhu. Samarin unguwa har rububin hulunan suke.

Na kai kaina ga Manjo. Ya zo zaurenmu fuska a murtuke, na miƙa masa hula guda. Sai muryar kakata daga bayan ƙyaure:

"Kai soja, mi kaka nema ga angona? Takardar da ƙwari sunka cinye ita ta asirin gwamnati?"

Manjo ya jujjuya hular, ya tambaye ni ko Bature zai iya karanta ta. Na amsa cewa ba zai iya ba, domin ƙanwata kan tsallake duk ramin da bai yi mata kyau ba.

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya cire hular soja, ya kafa wannan.

"Inna, ta yi min?"

"Awo, ka koma mutum!"

Ya tafi da ita a kansa, ni kuwa na kwana a gida.

Abin da aka rasa: kati tara, hula ɗaya.