Kilishi Ya Riga Kawu Isowa

"Ga rufin gidanka ina gani, amma katanga ta tare ni!"

Kawuna ne a waya. Daga Kano ya zo, ya hana ni ɗauko shi a bakin titi, wai zai yanke ta lungu. A garinsu kowane lungu da inda yake ɓullewa.

Na ce, "Kawu, nan Kubwa ce. Unguwarmu ƙofar shiga ɗaya gare ta, sai ka koma titi ka zagayo."

Can sai ga ledar kilishi ta faɗo tsakar gidana ta saman katanga.

"Ga tsarabarku nan. Ni kuma ka zo da mota."

Sai da na yi rabin awa kafin na kai inda yake.

Ku a garinku wa ke riga shiga gida, baƙo ko tsarabarsa?