Shekarar da Aka Rufe Hanyar Gidanmu

Ina ƙaramar mace a gidan miji, a wani ƙauye arewa da Babura, lokacin da Turawa suka ɓata da juna. Innata tana can ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, tafiyar hantsi ce kawai. Ban taɓa ɗaukar iyakar nan da muhimmanci ba sai ranar da dagaci ya sa aka yi shela: Jamus ta ci Faransa da yaƙi, Turawan wancan ɓangaren sun bi Jamus, namu na Ingila sun ƙi. Daga yau ba shiga, ba fita.

Maza suka yi ta gardama a gindin tsamiya. Wani ya ce in Jamus ta zo za ta yafe haraji, wani ya ce kowa za ta mayar bawa. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin Bajamushe.

Ana cikin haka wani mai kanwa da ya ratso ta daji ya ce mini Inna na kwance, ƙafafunta sun kumbura. Zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta da ita, in fita bakin gona in yi ta kallon arewa, in dawo, in sake fita. Mijina ya ce, "Ki yi haƙuri, faɗan manya ne, zai wuce."

Na ce, "Malam, in ta riga shi wucewa fa?"

Washegari ya ce in je, amma in bar yaronmu wurin kakarsa, uwar mijina, tunda an yaye shi.

Na bi mata masu neman itace. Bayan wani kwari muka ci karo da sojan Faransa a kan raƙumi, baƙar fata, Hausarsa irin tamu. Ya ce, "Ke ta Ingila ce ko ta Faransa?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, uwata ce ba lafiya."

Ya dube ni ya ce, "Shiga dai zan bar ki. Fita ba a hannuna take ba."

Haka kuwa aka yi. Inna ta miƙe kafin gero ya kai gwiwa, ni kuma na maƙale, don duk wanda aka kama yana ƙetarawa aikin tilas ake kai shi. Damina ta wuce, aka yi girbi. Kullum ina bakin rijiya ina tambayar baƙi labarin gida. Inna har cewa take, "Da kin bar ni da ciwona."

Rana ɗaya kurum aka ce Turawan sun shirya, kowa ya wuce. Ba wanda ya yi mana bayani. Ban tsaya ko ɗaure kayana ba. Da na shiga gida yaron yana tsakar gida yana cin gyaɗa, ya dube ni, ya ruga bayan kakarsa. Sai da aka yi sati yana ce mini baƙuwa kafin ya yarda ya kwana a ɗakina.