Man da Aka Ajiye wa Matafiyi

A garinmu, can saman duwatsu kusa da Allakaye, da an gama kai hatsi rumbu ɗari ya sauko, sai kakarmu Hajo ta hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan magariba. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya sami wajen ɗumi. Ba mace ce mai fara'a ba, Allah ya jiƙanta, amma bakinta akwai labari, ɗakinta kuma akwai ƙamshin man shanu. Ni dai ƙamshin ne ya fi kai ni.

Da damina, idan nono ya yawaita, takan tara mai ta soya shi da albasa har ruwan jikinsa ya ƙone, ta tace, ta ɗura a tandu, irin tulun fatan nan mai ƙaramin baki. Ta jera su a gindin bango. Dokarta ɗaya ce: sabo ya shige ƙurya, tsoho ya matso bakin ƙofa, kuma daga bakin ƙofa ake ɗiba. Ranar da ta aike ni ɗibo mai na wuce na buɗe na ƙurya, don ya fi ƙamshi, sai da na sha muciya a gadon baya.

Da yamma ta ga ina ta kumbure-kumbure, ta ce, "Ke mai dogon hannu, matso nan. Tatsuniyag ga taki ta, ki riƙe ta da kyau."

Wai wata mata ce mijinta ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, ƙasashen kudu, ya bar ta da jar saniya da 'yarsu ƙarama, Rakiya. Daminar farko saniya ta ba da nono kamar ba gobe. Matar ta soya mai, ta cika tandu mafi girma, ta liƙe bakinsa da laka, ta tura shi ƙurya, ta ce wannan na ranar dawowar mai gida ne. Duk sabon da ta soya bayan nan shi suke ci, wancan kuwa ko kallonsa ba a yi. Rakiya takan nuna shi da yatsa, uwar ta ce, "A'a, na babanki na. Bari shi komo."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bai dawo ba. Sai ruwa ya ɗauke. Hatsi ya ƙone tun bai fid da kai ba, saniya ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, ƙananan tanduna suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka ƙyanda ta kama Rakiya. Ta tashi daga ciwon sai ƙashi da fata, kunun dusa ma ba ya wuce mata. Wata tsohuwa ta ce a sa mata ɗan man shanu a kunu ko jikinta ya sami abin riƙewa.

A nan Kaka ta tona wuta da kara.

"Uwa tat tashi da murna," in ji ta, "tac ce ai tana da mai, mai ma na kirki. Tah hwasa laka. Wari yab buge ta tun ba ta leƙa ba."

Man ya yi ɗaci, yana maƙaƙi a wuya. Babu wani mai a gidan, babu a maƙwabta, don haka ta rufe ido ta zuba a kunu. Yarinyar ta sha, ta amayar, cikinta ya ɓaci, abin da ya rage mata na ƙarfi ya tafi. Kafin ruwa ya sake sauka an rufe ta.

Ƙanena ya tambaya, "Kaka, baban ya komo?"

"Bai komo ba. Iyakarta ke nan. Ku tashi ku kwanta."

Na ji haushinta ranar, don tatsuniyar ba gizo, ba waƙa, ba abin dariya. Sai bayan rasuwarta innata ta gaya mini cewa ita 'yar aure na biyu ce, kuma kafin ita Kaka ta haifi wata yarinya mai suna Rakiya.

Yanzu ina zaune a Madawa, mai kuma a bido, wato jarka, muke sayensa, amma har yau sabon bido baya yake komawa, tsoho ya matso gaba. Na ɗauka darasin ke nan, kuma na ɗauka na haddace shi. Sai ɗana Ilya ya tafi Libiya. Da farko yana kira, daga baya waya ta daina shiga. Da aka aiko mini da kwalbar man shanu daga gida, irin wanda yake so a kan tuwo, ban san lokacin da na naɗe ta a zane na tura ta ƙarƙashin gado ba.

Watan jiya 'yarsa Nana ta yi zazzaɓi mai tsanani, ta tashi duk ta zube, ba ta son komai. Ina kallon wuyanta sai na ji zafin muciyar nan a bayana. Na durƙusa na jawo kwalbar, na buɗe na shinshina. Da sauran ƙamshinsa.

Uwar yarinyar ta riƙe mini hannu, idonta cike da hawaye. "Inna, ba na baban Nana na ba?"

Na ce, "Kawo kunun ɗiyag ga. In Allah ya komo da shi, sabo za shi ci."

Nana ta sha rabin kofi. Ilya kuwa har yau ba labari.