Jar fitilar da na yarda da ita

A shekarar da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da manyan motoci suka yi layi a Magama har albasa ta riƙa ruɓewa a cikinsu, ni matashi ne mai ji da kansa. Na yi karatun allo da rubutun ajami a gaban kawuna a Jibiya, daga baya na koyi rubuta manhajar waya, sai na ɗauka babu wanda ya kai ni sani. Kawun nan nawa yana da waƙoƙin wa'azi da ya tsara da hannunsa tun yana saurayi. Baitocin suna kan takarda, amma karin da ake rera su da shi yana bakinsa kawai, ga shi tsufa ya kama shi. Sai na ƙudurta yin manhajar da za ta haɗa hoton kowane shafi da muryarsa.

Mu biyu muka fara aikin, ni da wani abokina mutumin Maraɗi. Ni nake rubuta ɓangaren sama, wanda ido ke gani, rubutu guda da zai hau kowace irin waya. Amma wannan ɓangare ba ya iya taɓa makirufo da kansa. Dole sai an gina masa wata 'yar gada da za ta kai saƙo ga ainihin tsarin wayar, kuma kowace irin waya da yaren da take ji. Wannan gada ita ce aikin abokina. Ya tsara ta yadda idan aka danna maɓalli, manhaja za ta dakata sai wayar ta amsa cewa makirufo ya buɗe, sannan jar fitila ta kama, alamar an fara ɗaukar murya. Ni kuwa wannan ɗan jiran ya dame ni. Da aka rufe hanya ya daina zuwa, sai muka koma magana ta waya, sabis kuma, ko rezo kamar yadda yake cewa, yana yankewa. Da na ce zan cire jiran, ya roƙe ni kada in taɓa wurin, ya ce wanda ya aiki ɗan saƙo ai yakan jira amsa. Na ce masa sanyin jiki ne ke damunsa, na goge abin da ya rubuta na jiran amsa, na sa fitila ta riƙa kamawa nan take. Da ya ƙara magana, na cire sunansa daga aikin, na daina ɗaukar kiransa.

A tsohuwar wayata komai ya yi daidai. Sai wani ɗan'uwa ya ba ni wata mai tsada, ba irin tawa ba, na ce da ita zan ɗauki kawu don murya ta fita tas. Kullum bayan la'asar nakan zauna gabansa a zaure, ya buɗe gafaka, ya gyara zama, ya rera. Wani lokaci numfashi ya gaza masa, ya huta, ya sake. Idan ya gama yakan tambaye ni ko ta ɗauka, ni kuma in dubi jar fitila da jerin sunayen waƙoƙin, in ce ta ɗauka. Ban taɓa saurara ba. Ɓangaren sauraro abokina ne zai gina shi, girman kai kuma ya hana ni nemansa.

Allah ya karɓi ran kawu bayan an gama girbi. Bayan sadakar bakwai almajiransa suka nemi su ji muryarsa, na kwashe abin da ke cikin wayar na zuba a kwamfuta. Babu komai sai shiru. Ashe irin wannan waya ba ta buɗe makirufo sai an nemi izininta ta wata hanya daban. Kullum tana amsawa cewa ta ƙi, gadar tana kawo amsar, ni kuma na riga na toshe kunnen da zai ji.

Da aka buɗe boda cikin azumi, na tafi Maraɗi na same shi a shagonsa. Na gaya masa komai, na roƙi gafara. Bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya yi wa kawu addu'a, ya jawo wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, wadda ya gwada gadarsa da ita a zauren kawu tun kafin a rufe hanya. Ya danna. Sai ga muryar kawu yana dariya, yana cewa, "To malam, ka tabbata abin nan yana ji na?" Sai muryar abokina ta ce a dakata ya duba tukuna. Daga nan kawu ya rera waƙa guda har ƙarshe.

Ita kaɗai ta rage mana. A ranar na mayar da rubutunsa inda na goge, na mayar da sunansa gaba da nawa, ya ce ya yafe. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu wannan sana'a: ku gwada aikinku a kowace irin waya, ku saurari abin da kuka ɗauka tun mai muryar yana raye, kada kuma ku raina abokin da ya ce a jira amsa. Takardun kawu suna hannuna, nakan karanta su tsaf, amma guda ɗaya kawai na iya rerawa.