Bindigar da Yaya Ya Bari da Ciki

Mu biyu ne muka gaji harbi a wurin mahaifinmu, ni da yayana, amma shi kaɗai Allah ya bai wa hannun ɗura harsashi. Bindigarmu guda ce, irin wadda hukuma ke bai wa ma'aikatan gandun daji da lasisi, harsashinta kuwa ba ya wuyar samu a wancan zamani. Sai dai Yaya ya raina shi. Ya ce na barewa ne. Ɓauna da mugun dawa masu tattake shinkafar fadama, sai abu mai nauyi. Don haka yakan tara kwanson da aka harba, ya zuba nasa kan darmar, dogo, mai nauyi fiye da na kamfani, sa'an nan ya auna albarushi a ɗan sikelinsa yana riƙe da numfashi. Bai taɓa gaya wa kowa awonsa ba, har ni. Rabona a aikin shi ne kafaɗa: shi ke ɗurawa, ni ke harbawa.

Harsashin kamfani cewa yake tas, kamar an karya kara. Na Yaya daga ƙasa yake tasowa, mutum ya ji shi a ƙirji kafin ya isa kunne. Yana kuma da wani hali: saboda tsawonsa, da zarar an tura shi ciki sai kansa ya ciji maƙogwaron bindiga, ba ya yarda ya dawo ta baya. Yaya yakan ce, wanda ya shiga ya shiga, ƙofar fitarsa ɗaya ce.

Na zo Doha ne ganin ɗana, likita, da niyyar in yi wata guda a gidansa na unguwar Garrafa in koma. Annobar korona ta rufe sama da ƙasa ina nan. Unguwar ta yi tsit, masallacin kan layi aka garƙame, ladan na kira yana cewa kowa ya yi salla a gidansa. Cikin wannan shirun aka buga mini waya da hantsi cewa Yaya ya rasu. Ban ga gawarsa ba, ban tsaya a sahu ba. Na zauna a kujera mai laushi, na'urar sanyaya ɗaki na hura mini iska a ƙeya, ana binne shi.

Bayan kwanaki matarsa ta kira ni. Tun tana amarya muke wasan ƙanin miji da ita, takaba ma ba ta kashe mata baki ba.

"Balaraben Doha," in ji ta, "yayanka ya bar maka aiki. Bindigar nan da ciki ya bar ta. Ya ɗura zai fita wa mugun dawa da kansa tunda ba ka nan, zazzaɓi ya kayar da shi."

A gidanmu ba a barin bindigar mamaci da ciki. Ɗan'uwansa ne zai ɗora ta a kafaɗa ya sauke mata nauyinta, kafin a sa ta cikin gado. Haka mahaifinmu ya yi wa wansa, haka Yaya ya yi wa mahaifinmu da ba shi da sauran ɗan'uwa. Na ce mata a kulle ɗakin da take, kada wanda ya taɓa ta sai na zo.

Ɗana yana tsaye yana cire takunkumi, ya ji komai. Ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Baba, a gafarce ni. Baffa ya daɗe hannunsa na rawa, ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zuba. Wa ya san abin da ya auna a na ƙarshen nan? A ɗaure ta a jikin bishiya, a ja kunamar da igiya daga nesa."

Na dube shi na ce, igiya akuya ake sa wa. Mutumin da ya tsufa yana awo bai taɓa fasa mini ko farce ba, ba ni ne zan tsaya bayan bishiya in shaida wa gari cewa na yi shakkar hannunsa ba.

Da aka buɗe hanya, sai zuciyata ta ƙi. Aka kwantar da ni, aka yi mini aiki a ƙirji, ɗana ya ce, "Kalas, shi ke nan, Baba, babu jirgi, babu bindiga." Ni ma na san ko tulu ba zan iya ɗagawa ba.

Daga nan bindigar ta tare a raina. Ina alwala in gan ta rataye a ƙusarta, bakinta na kallon rufi. Ina cin abinci in tuna jikokin Yaya suna guje-guje a jikin wancan bango, tagar ɗakin kuwa katako ne da gara ta ci. Wani azumi ɗana ya kai ni wajen unguwar Mushairib in sha iska, aka buga igwar shan ruwa, tattabaru suka tashi. Kowa ya kai dabino baki, ni kuwa na dafe kafaɗar dama, domin na rantse ta amsa. Ƙarar ba ta Yaya ba ce, ba ta da gindi, amma jikina jira yake, kome ya ji sai ya miƙe.

Haka muka kai lokacin gasar ƙwallon duniya. Garin da ya yi shiru kamar makabarta ya cika da tutoci da ganguna da mutane masu fenti a fuska. Kullum ana wasan wuta, kullum ina ƙidaya ƙarar da ba ita ba. Ran nan da la'asar matar Yaya ta sake kira, wannan karon babu dariya a farkon maganarta.

"Malam, na kama ƙaramin jikan nan ya cusa kai ta tagar. Damina biyu rufin na yoyo a kan bindigar. Marayu suna jiran gado. In kana jiran kafaɗarka ta warke ne, to tawa zuciyar ta kusa tsayawa." Sa'an nan halinta ya dawo. "Ko kuwa Larabawa sun yi maka mata ne, ka ƙi faɗa?"

Na ce, "Matar Yaya, wace Balarabiya za ta kwashi tsohon da aka ɗinke kamar buhu?"

Muka yi dariya kaɗan, ta ƙare da kuka. Sa'an nan na faɗi abin da na rantse ba zan faɗa ba: a kira babban ɗansa, a nemo igiya mai tsawo.

Washegari da azahar suka fita bayan gari. Ni ina zaune a tsakar gidan ɗana, a waje motoci na busa ƙaho za su filin wasa. Babban ɗan Yaya yana gaya mini abin da suke yi: sun ɗaure ta a gindin tsamiyar fadama, sun saita bakinta a shuri, kowa ya koma bayan tudu. Na ce ya ɗaga wayar sama. Na toshe ɗaya kunnen, na yi bisimilla a madadinsu.

Abin da ya iso gare ni, tas ne, ƙarami, kamar an karya kara.

Sai hayaniya, sai muryar matar Yaya tana haki. "Lafiya lau! Ko tsaga babu. Shurin ya rabe biyu, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Kai ma ka ji, ko? Hannun yayanka bai yi ƙarya ba."

Na ce mata na ji. Ɗana ya ce waya ce ke matse sauti, ba ta iya ɗaukar ƙara mai zurfi. Na san gaskiya ya faɗa. Jikokin suna lafiya, an raba gado, an buɗe ɗakin an share, kuma zan sake yin umarnin igiyar in aka mayar da ni ranar.

Amma harsashin Yaya na ƙarshe daidai yake, awonsa cikakke, kuma tsamiya ce ta karɓi dukan da ya auna domin kafaɗata. Ba za a sake ɗura irinsa ba, domin awon ya bi shi kabari. Gasar ta ƙare, an kwashe tutoci, Garrafa ta koma shirunta. Har yau idan aka rufe ƙofar mota da ƙarfi a kan layi, nakan tsayar da carbi, in gyara zama, in saurara ko na Yaya zai taso daga ƙasa.