Gadon da aka gwada da tsawona

Aikina ke nan tun ina saurayi: kujeru, tebura, ƙananan gadaje. Abin da ya fi ba ni wuya har yau shi ne hujin ƙafa. Ƙasarmu yashi ce, in ka huda ramin a miƙe, abin zai yi ta rawa. Sai ka karkata bakin injin huji, ƙafafun su buɗe waje kamar raƙumi zai sha ruwa. Da ido nake yi, ban taɓa awo ba.

Wata safiya tsohon da ke wankan gawa a unguwarmu ya shigo rumfata. Ya ce gadon wankan ya lalace, yana son sabo.

"Jiya da muka juya mamaci kan haƙarƙarinsa, saura kaɗan ya zame a gaban ƴaƴansa," in ji shi. "Ba na son in sake ganin haka."

Na ce to, Baba, wane tsawo? Ya dube ni daga kai har ƙafa.

"Duk unguwar nan ba wanda ya kai ka tsawo. Kwanta."

Na ɗauka wasa ne. Bai yi dariya ba. Na kwanta bisa katakon, cikin garin sassaƙa, ya ɗauki alkalamina ya ja layi a saman kaina, ya ja a ƙasan dugadugaina. Ya ce in ƙara taƙi ɗaya, wai mutum yana miƙewa in ya rasu.

Da ya fita na kama injin. Ramuka uku suka tafi yadda nake so, na huɗu ya kusa miƙewa. Na gani sarai. Na ce a raina ba wanda zai lura, na buga ƙafafun, don na ƙosa abin ya bar min rumfa.

Bayan la'asar ya dawo. Bai ko dubi ƙafafun ba.

"Hau, ɗana."

Na hau. Ya sa hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ƙuguna, ya juya ni dama a hankali, kamar mai tsoron ya tashe ni. Gadon bai motsa ba. Ya juya ni hagu, sai ƙafar nan ta ɗaga, na ji ina tafiya ƙasa. Na dafe da hannu.

"Kai kana da hannun dafawa," ya ce.

Na cire ƙafar, na toshe ramin da turke, na yanke guntun katako a karkace na ɗora, na bi karkatarsa da injin na sake huji, na mayar da ƙafar. Ran nan na fara huji da magwaji. Na sake hawa da kaina, ban jira ya ce ba. Dama, hagu, shiru.

Gadon yana jingine a zauren masallacinmu. In na zo wucewa nakan girgiza ƙafar nan in ji ko ta saki.