Mabuɗin Gidan da Ba a Koma Ba

Ko zan manta komai na zamana a Kuala Lumpur, ba zan manta da wata Laraba a ofishin malamata ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin tarihi a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai. Bincikena a kan mutanen Sakson ne, waɗanda suka tsallako teku suka mamaye Birtaniya bayan sojojin Rum sun janye. Wasunsu ma gadi aka kira su yi, suka zama masu gari. A lokacin burge ni suke yi, kuma haka na rubuta a babin da na kai wa malamata.

Malamar, wata dattijuwa 'yar Malesiya da ta yi aikin tonon kufai a Ingila tana budurwa, ta karanta babin ta ajiye. Bayan la'asar ne, hadari ya rufe gari.

"Ina waɗanda aka tarar a ƙasar?" ta tambaye ni.

"Farfesa, ai ba su bar rubutu sosai ba."

Ta jawo wani gwangwani, ta ɗora min wani tsohon mabuɗi mai tsatsa a tafin hannu. Ta ce a can Ingila, a bakin wani gida da ya ƙone aka tono shi. Mai gidan ya kulle ƙofarsa ya gudu, yana zaton kwana biyu zai yi.

Sanyin mabuɗin ya ratsa ni har gwiwar hannu. Sai na ji warin hayaƙi, irin na jinka idan ta kama wuta. Tagogi a rufe, ruwa na zuba, a hawa na huɗu muke. Na waiwaya ina neman abin da ke ci.

"Kai ma ka ji?" ta ce a hankali. "Ba kowa ke ji ba."

Har yau ban san mene ne ba. Amma a take ƙauyenmu ya faɗo min. A watan aka janye sojojin da ke gadin hanyarmu, baƙin fuskoki da bindigogi sun fara zuwa cin kasuwa, ni kuwa ina nan ina ce wa mahaifiyata ta kwantar da hankalinta.

Ko laima ban buɗe ba na fito na kira mahaifiyata a waya.

"Inna, ku tafi birni wajen Yaya gobe."

"Gyaɗata fa? Saura kaɗan a cire."

"Don Allah, Inna."

Ta ce to. Sati uku da tafiyarsu aka auka wa ƙauyen. Maƙwabcinmu da ya tsaya jiran amfanin gona, ba a sake jin labarinsa ba.

Na sake rubuta babin daga farko. Tun daga ranar, duk inda na karanta cewa wasu sun ci wata ƙasa, sai na tsaya na tambayi kaina su wa ke zaune a cikinta, kuma wa ya ce musu su kwantar da hankali.